Zare Filogi Ba Ya Kashe Kwantiragi: Jan Kunne ga Mazauna Birtaniya

A gida mun saba da sayen data kamar sayen tumatir. Ka biya, ka yi amfani, ta ƙare. Ranar da sabis ya ɓata maka rai, sai ka zare layin ka sa wani, babu mai bin ka ko sisi. Wannan sabon ne ke jawo wa 'yan uwanmu ɗalibai da ma'aikatan jinya asara a Birtaniya, inda intanet ɗin gida yake tafiya da kwantiragi na wata 12, ko 18, ko 24.

Wani ɗalibi da na sani a Biradfod ya sa hannu a kan wata 24, yana biyan fam 30 duk wata. Bayan wata tara ya ga tallar layin 5G mai araha, wanda zai iya sawa a jaka ya tafi da shi ko'ina. Ya saya, ya zare rautar gidan, wato na'urar intanet ɗin, ya naɗe wayoyinta ya tura ƙarƙashin gado, sannan ya shiga manhajar banki ya hana kamfanin cirar kuɗi. A ganinsa magana ta ƙare. Da wasiƙu suka fara zuwa bai buɗe ba, ya ɗauka talla ce. Wadda ya buɗe daga baya ta masu karɓar bashi ce.

Inda ya kuskure shi ne, hana banki biya bai taɓa yarjejeniyar ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: rangwamen da aka yi masa da farko an yi ne a kan alƙawarin zai zauna har ƙarshen wa'adi. Mai son fita kafin lokaci zai biya kuɗin ficewa, kuma daga watannin da suka rage ake lissafa shi. Shi saura wata 15 gare shi, wato fam 450, sai ɗan abin da kamfani ya rage. Ga kuma tarar rautar da bai mayar ba. Mafi muni, idan aka rubuta wa mutum ƙin biya a kundin tarihin bashinsa, tabon yana shekara shida, ya riƙa tare masa hanya duk ranar da ya je neman rance ko sabuwar waya.

Duk da haka akwai ƙofofin fita ba tare da tara ba, sai dai a san su.

Idan ta waya ko ta intanet ka ƙulla cinikin, doka ta ba ka kwana 14 ka sake shawara. Abin da ka yi amfani da shi kawai za ka biya.

Idan kamfani ya ƙara kuɗi fiye da yadda aka rubuta a yarjejeniya, dole ya sanar da kai, kuma kana da kwana 30 ka fita kyauta. Amma a kula, ƙarin da ka riga ka amince da shi tun ranar sa hannu ba hujja ba ne. Shi ya sa daga 17 ga Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa, Ofcom, ta wajabta a rubuta ƙarin shekara a sababbin kwantiragi ɓaro-ɓaro, fam kaza da kwabo kaza, a daina jingina shi da hauhawar farashi.

Sai batun sauri. Manyan kamfanoni irin su BT da Virgin Media sun amince da ƙa'idar ba kowane gida mafi ƙarancin saurin da suka lamunce. Idan naka ya faɗi ƙasa da haka, ka kai ƙorafi, aka yi kwana 30 ba a gyara ba, kana iya tafiya. Don haka ka riƙa gwada saurin kana ɗaukar hoton sakamakon, da kwanan wata.

Sauya gida kuwa, ko komawa ƙasa bayan kammala karatu, ba sa warware kwantiragi da kansu. Ka kira ka yi magana tun da wuri.

Shi kansa layin 5G da ake rububi, a gwada shi kafin a saki na hannu, kada garin neman ƙiba a samo rama. Sabis ɗin da ya cika a bakin titi yakan zama sanda ɗaya a ɗakin ƙasa, musamman a tsofaffin gidajen dutse masu kaurin bango. Da yamma, lokacin da unguwa duka ta hau intanet, saurin yakan ja baya. Ka sayi layin wata ɗaya wanda ba ya ɗaure ka, ka gwada shi a ɗakin da kake karatu, a lokacin da kake kiran gida ta bidiyo. Ka kuma duba ko akwai iyaka ga datar, domin gida mai yara da talabijin ba ya cin data irin na gwauro.

In ya gamsar da kai, ka nemi tsohon kamfanin ya rubuto maka ranar ƙarewar wa'adi da ainihin kuɗin ficewa. Ka ɗora wannan a kan kuɗin sabon layin, ka kwatanta da abin da za ka biya in ka zauna. Sau da yawa haƙurin wata uku ko huɗu ya fi araha, kuma tun 2020 dole ne kamfani ya tuna maka kwana 10 zuwa 40 kafin wa'adin ya cika. Idan kun yi saɓani ba ku daidaita ba, akwai masu sasanci, Communications Ombudsman da CISAS, kuma ba a biyan ko kwabo.

Ranar mayar da rauta, ka karɓi rasit a gidan waya ka adana. Wasiƙa kuma in ta zo, ko da kama da talla take, a buɗe ta.