Masu Jinyar Shaye-shaye da Ciwon Firgici: Wa Ya Karanta Me?

Ma'aikatan da ke jinyar masu shaye-shaye da mutanen da tashin hankali ya bar wa tabo a zuciya ba aji ɗaya ba ne, ko da yake a bakin jama'a sunansu ɗaya. A Lafia, kamar sauran garuruwan Arewa, duk wanda aka gani da farar riga a asibiti likita ne, kuma duk wanda aikinsa ya shafi hankali likitan ƙwaƙwalwa ne. Wannan suna ya haɗa mutanen da karatunsu ya bambanta ƙwarai. Wani ya yi shekara goma sha uku ko fiye kafin a sallame shi, wani kuma kwas na 'yan makonni ya yi. Kowannensu yana da abin da ya iya da kuma inda doka ta tsayar da shi. Iyalan da ba su san wannan bambanci ba sukan kai ɗansu inda ba a iya matsalarsa ba, in abin ya ƙi ci su ce ciwon ba na asibiti ba ne.

Dalilin haɗa shaye-shaye da firgici a hannun ma'aikata ɗaya shi ne sau da yawa a jikin mutum ɗaya ake samun su. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye, ban da giya da taba, a shekarar da ta gabaci binciken. Tabar wiwi ce a gaba da mutum miliyan 10.6, sai ƙwayoyi irin su tiramadol da mutum miliyan 4.6, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A kudancin Nasarawa kuwa, rikicin manoma da makiyaya ya sha raba ƙauyukan Awe, Keana, Doma da Obi da mutanensu, kuma kisan gomman jami'an tsaro a Alakyo, kusa da Lafia, a watan Mayun 2013 ya bar zawarawa da marayu masu yawa. Wanda ya ga an kashe ɗan'uwansa a gabansa yakan kasa barci, abin ya riƙa dawo masa a mafarki da ido biyu, ƙarar salansar babur kawai ta sa ya zabura. Wasu a nan suke fara neman ƙwayar da za ta kwantar da su. Idan aka raba irin wannan mutum da ƙwayar aka bar shi da firgicin, ba ya daɗewa yake komawa.

A saman jerin ma'aikatan akwai likitan taɓin hankali. Shi cikakken likita ne tukuna: shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta aikin koyo a ƙarƙashin manyan likitoci, sannan hidimar ƙasa, da rajista a Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya. Bayan haka ne yake shiga horon ƙwarewa na kusan shekara biyar zuwa shida a asibitin da aka amince da shi, yana rubuta jarrabawar Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas ko ta takwararta ta Afirka ta Yamma. A cikin waɗannan shekaru yakan zaga sassa da dama: na yara, na tsofaffi, na masu shari'a a kotu, na cututtukan jijiya, da na shaye-shaye, kuma ba a kammala masa sai ya rubuta kundin bincike. Hausa tana kiran su biyun, shi da likitan jijiyoyi, da suna ɗaya, amma aikinsu daban ne. Mai shanyewar ɓarin jiki wurin na jijiya zai je, mai jin muryoyin da babu su ko mai neman halaka kansa wurin na taɓin hankali.

Amfanin wannan dogon karatu yana fitowa ne a kwanakin farko na daina sha. Mutumin da ya shekara da shekaru yana kwana a kan burukutu ko ogogoro, idan aka raba shi da ita dare ɗaya, zai iya kamuwa da karkarwa, gane-gane da jijjiga, har ta kai ga rasa rai. Haka ma wanda jikinsa ya saba da ƙwayoyin barci irin su Valium. Tiramadol mai yawa tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne ke da ikon auna wannan haɗari, ya rage abin sannu a hankali da magani, ya duba hanta da ƙoda, ya kuma tantance ko haukan da ake gani wiwi ce ta tayar da shi ko kuwa wata cuta ce da ta riga shan. Matsalar ita ce ƙarancinsu. Ƙungiyar likitocin taɓin hankali ta Najeriya ta sha bayyana cewa mambobinta da ke aiki a cikin ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma ƙasashen waje suna ta ɗibar waɗanda aka horar. Cikin tsofaffin asibitocin tarayya takwas na ƙwaƙwalwa zalla, wato na Yaba, Aro, Benin, Kalaba, Enugu, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, babu ko ɗaya a Nasarawa. Saboda haka nauyin yana kan manyan asibitocin jihar, irin su wanda a da ake kira Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf a Lafia da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi, ko kuma a tura mara lafiya Jos, Makurdi, Abuja ko Kaduna.

Wanda mara lafiya ya fi gani, dare da rana, shi ne nas na sashen taɓin hankali. Yakan fara da karatun jinya na shekara uku a makarantar nas-nas, ko digiri na shekara biyar a jami'a, sannan ya ƙara karatun ƙwarewa a makarantun da ke haɗe da asibitocin ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa da na Aro, a ƙarƙashin Majalisar Nas-nas da Ungozoma ta Najeriya. Shi ke lura da wanda ya daina cin abinci, da wanda ya ɓoye ƙwaya a ƙasan harshe, da wanda ya yi shiru irin shirun da ba na lafiya ba. Kwantar da mutumin da ya harzuƙa ba tare da duka ko ɗauri ba fasaha ce da ake koya, kuma nas ne ya fi kowa ƙwarewa a cikinta. A asibitocin da likita ke zuwa sau ɗaya a mako, a zahiri nas ne ke riƙe da sashen.

Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti shi ne aka fi jahilta. Ba likita ba ne, kuma ba ya rubuta magani. Yakan yi digirin farko na shekara huɗu a ilimin halayya, kamar yadda ake koyarwa a Jami'ar Jos da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, sannan digiri na biyu a ɓangaren asibiti, da zaman koyon aiki tare da marasa lafiya. Digirin farko kaɗai ba ya sa mutum ya cancanci jinya. Kayan aikinsa magana ce, amma ba hira ko nasiha irin ta dattawa ba. Zama ne mai tsari, mako bayan mako, inda ake bin diddigin tunanin da ke kai mutum ga sha: wane lokaci ne ƙishirwar ƙwayar ke tasowa, a wace majalisa, bayan wane ɓacin rai, kuma me za a yi a madadin haka.

A wajen firgici, aikinsa ya fi na kowa nauyi. Ciwon firgici bayan tashin hankali ya shiga kundin cututtuka na likitocin Amurka a 1980, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam, da matan da aka yi wa fyaɗe. Tun daga lokacin bincike ya nuna cewa jinyar magana mai fuskantar abin da ya faru kai tsaye ta fi magani kaɗai amfani. Ana taimaka wa mutum ya ba da labarin a hankali, a wuri mai aminci, har zuciya ta daina ɗaukar abin kamar yanzu yake faruwa. Akwai kuma hanyar motsa idanu da Francine Shapiro ta ɓullo da ita a ƙarshen shekarun 1980. A jagorarta ta 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hanyoyin biyu, ta kuma yi gargaɗi kan ba wanda masifa ta auka wa ƙwayoyin barci irin su Valium a makonnin farko. Wannan gargaɗi ya shafi kowane kemis na unguwa, domin abin da ake fara miƙa wa mai kukan rashin barci ke nan. Jinyar magana tana da wani sharaɗi da allura ba ta da shi, wato harshe. Lafia gari ne na Alago, Eggon, Gwandara, Migili, Tibi, Barebari, Fulani da Hausawa. Hausa ce ke haɗa su a kasuwa, amma tsohuwar da aka ƙona wa gida ba lalle ta iya faɗin abin da ke ranta da Hausar ciniki ba, kuma idan ɗanta ne tafinta, akwai abin da ba za ta taɓa faɗa ba.

Jami'in walwalar jama'a na asibiti yana da digiri ko difloma a aikin walwala, kuma filinsa wajen katangar asibiti ne: neman dangin da suka gudu suka bar mara lafiya, sasanta shi da mahaifin da ya rantse ba zai sake shiga gidansa ba, neman kuɗin magani, da duba ko gidan da za a mayar da shi ba nan ne dilan ƙwayar yake ba. Mai koyar da sana'a da ayyukan yau da kullum yana sake saba wa mara lafiya da tashi da wuri da riƙe aiki. Masanin harhaɗa magunguna, mai karatun shekara biyar ko shida, shi ke riƙe da makullin magunguna masu sa maye, kuma shi ya san cewa tiramadol da hukuma ta yarda da ita mai ƙarfin miligiram 50 ko 100 ce, ba mai 225 da ake sayarwa a tasha ba. Mai shagon magani na unguwa ba shi da wannan karatu.

Sai kuma masu ba da shawara kan shaye-shaye, waɗanda asalinsu ya fi na kowa bambanta. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da aka kafa a 1989, an fi saninta da kame, amma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, inda jami'ai ke zama da masu sha da iyayensu. Wasu cikin masu wannan aiki malaman makaranta ne a asali, wasu nas-nas, wasu masana zamantakewa, wasu kuma tsofaffin mashaya ne da suka daina, waɗanda mai sha ba ya iya yi wa ƙarya cikin sauƙi. Abin da ke daidaita su shi ne kwasa-kwasan da suka biyo baya, kamar horon TREATNET na Majalisar Ɗinkin Duniya da manhajar jinya ta Colombo Plan mai jarrabawa da takardar shaida. Horo ne mai amfani, sai dai bai ba kowa ikon rubuta magani ko kula da wanda ke jijjiga ba. Akwai kuma ma'aikatan lafiya na matakin farko. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 yana koya musu gane baƙin ciki mai tsanani, farfaɗiya, shaye-shaye da haɗarin kashe kai, su yi abin da za su iya, su tura sauran gaba. Jihar Binuwai, maƙwabciyar Nasarawa, ta yi amfani da wannan tsari a asibitocin karkara tare da Cocin Methodist da ƙungiyar CBM.

Kafin duk waɗannan, yawancin iyalai sun riga sun bi ta wurin malamin ruƙiyya, fasto ko mai maganin gargajiya. Likitancin zamani a Najeriya bai fara da gaba da su ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda ya fara tsarin jinya a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta a 1954, ya zaunar da marasa lafiya a gidajen mutane tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Limami ko fasto da ya san iyakarsa yana da tasirin da likita ba shi da shi wajen mayar da mutum cikin jama'a. Inda abin ke ɓaci shi ne gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala, kuma a watan da ya biyo baya aka gano irinsa a Daura. Iyaye ne da kansu suka kai mafi yawansu, suna biyan kuɗi, don a raba su da shaye-shaye. Sarƙa tana hana mutum kai wa ga ƙwaya muddin tana ƙafarsa, amma duka da ƙasƙanci suna cikin ainihin abubuwan da ke haifar da ciwon firgici.

Ta fuskar doka, Najeriya ta daɗe tana aiki da dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta na zamanin Turawa ne, har zuwa watan Janairun 2023 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Sabuwar dokar ta ba mara lafiya haƙƙin a nemi yardarsa a jinya, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan tsare shi ba da son ransa ba. Likita, nas da masanin magunguna kowannensu yana da lambar rajista da lasisin aiki da ake sabuntawa a majalisar sana'arsa, kuma iyali suna da damar tambayar cibiyar da za su kai ɗansu: wane likita ne ke duba marasa lafiya, sau nawa yake zuwa, wa ke kwana da su, kuma wa zai ci gaba da ganin yaron bayan an sallame shi, tunda a watannin farko bayan komawa gida ne aka fi samun masu komawa sha.