Mai kai tuwo zaure

Ranar suna, baƙin da ke zaure ba sa ganin wadda ta yi surfe, ba sa ganin wadda ta sha hayaƙin murhu tana tuƙa tuwo. Yaron da ya fito da kwano kaɗai suke gani, shi ake sa wa albarka. Amma in ya yi tuntuɓe a soro, wahalar da mata suka sha tun asuba ta bi ƙasa.

Wannan yaron nake tunawa duk sanda aka ambaci Martin Offiah, ɗan wasan zari-ruga da aka haifa a Hackney cikin birnin Landan, iyayensa kuma 'yan Najeriya. Zari-rugar da ya yi suna a cikinta ita ce ta mutum 13 kowane ɓangare, wadda ta yi jijiya a garuruwan arewacin Ingila. A wannan wasa ba a jefa ƙwallo gaba da hannu, kuma in an kayar da masu riƙe da ita sau shida, ta koma hannun abokan hamayya. Ƙartin tsakiya su ne masu surfe da daka. Su kai ƙirji, a kayar da su, su tashi, har masu tsaro su taru wuri guda. Offiah kuwa yana gefen fili yana jiran a miƙo masa kwano.

Ƙungiyar Widnes ce ta ɗauko shi a 1987. Da aka ga kwano ba ya zubewa a hannunsa, Wigan ta saye shi a 1992 kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya ba a wannan wasa kafin lokacin. A shekarar nan ya ci Leeds sau 10 a wasa ɗaya.

Wani zai ce ai kai tuwo ba aiki ba ne. To, wanda ya taɓa ratsa tsakar gida cike da jama'a da miya mai zafi a hannu ba zai faɗi haka ba. Ƙwallo na zuwa da gudu, layin fita yana dab da ƙafarka, ga ƙato ya nufo ka. Taku ɗaya in ya kauce, gumin mutum 12 ya tafi a banza.

Wata rana kuma yaron da kansa yake shiga har bakin murhu. A wasan ƙarshe na kofin Challenge a filin wasa na Wembley a 1994, Offiah ya karɓi ƙwallo kusa da layin gidansu, ya keta 'yan Leeds, ya zagaye mai tsaron baya Alan Tait, bai tsaya ba sai da ya dire ta a ɗaya ƙarshen filin.

Sau 501 ya kai kwano zaure kafin ya ajiye wasa. A 2015 aka kafa mutum-mutuminsa a Wembley tare da Billy Boston da wasu gwanaye uku. Ya cancanci wannan karramawa. Sai dai a gidajenmu, in baƙi sun ci sun ƙoshi, yaro yakan koma ciki da kwano ya ce, "Inna, sun ce a gode muku." Duk sanda na ji an ambaci 501 ɗin nan, ina miƙa rabin godiyar ga masu surfe.