Yadda ake miƙa bayanan binciken teku ga rumbun ƙasa

Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 853, daga iyakar Jamhuriyar Benin zuwa ta Kamaru. Duk masanin da ya auna zafin ruwa ko yawan gishirinsa, ko ya ƙidaya kifin da aka kamo, akwai inda ya kamata sakamakon ya je, wato rumbun bayanan teku na ƙasa da ke Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya, NIOMR, wadda aka kafa a Legas a 1975.

Ba alƙaluma kaɗai ake miƙawa ba. Sai an haɗa da ranar awon, da wurin, da zurfin ruwan, da irin na'urar da aka yi aiki da ita. Idan babu waɗannan, awon ba zai amfani kowa ba, har shi mai binciken bayan 'yan shekaru. Bayan tantancewa, bayanan kan shiga tsarin musaya na duniya, IODE, wanda hukumar kula da teku ta UNESCO ta kafa a 1961.

Wasu masana kan ja ƙafa, gudun kada a riga su wallafa aikinsu. Hujjar tasu abar dubawa ce, amma wa'adin riƙewa ya isa ya magance ta.

Ma'aikatar Harkokin Teku da aka ƙirƙiro a Abuja a Agustan 2023 na buƙatar waɗannan alƙaluma domin tsara kamun kifi da tunkarar zaizayar da ke cinye garin Ayetoro a Jihar Ondo. Manomin Kano ma abin ya shafe shi, domin daga Tekun Atlantika iskar damina ke ɗauko ruwanta, kuma zafin tekun na cikin abubuwan da masu hasashen yanayi ke dubawa.