Kafin a zuba siminti: daɓen da zai jure ƙasar Khartoum

Tun da sojoji suka karɓe Khartoum a watan Maris na 2025, mutanenmu da yaƙin Afrilun 2023 ya tarwatsa suke ta komawa gida. A Mayo da Ingaz da Umbadda, mai gida kan fara da ƙofa da rufi, daɓe kuwa sai abin da ya rage a aljihu. To amma daɓen da aka yi da garaje, damina ɗaya ta isa ta tsattsage shi, kuɗin siminti ya bi ruwa.

Yawanci matsalar daga ƙasar da ke ƙarƙashi take. Kudancin Khartoum baƙar laka ce irin ta Gezira: ta sha ruwa ta kumbura, rani ya zo ta dare. Omdurman kuwa galibinta a kan dutse da yashi take. Shi ya sa aikin da ya yi kyau a Umbadda zai iya ba ka kunya a Mayo.

In a kan laka kake, a kwashe ta sama, a cike da ƙasa mai tsakuwa, wadda magina a nan ke kira radmiya. Kada a juye ta gaba ɗaya. A zuba kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, kamar yadda iyayenmu mata ke yi da maɗaɓi. A ɗaga daɓen sama da titi, don wanda ya ga ambaliyar 1988 ko ta 2020 ba sai an gaya masa dalili ba. Sannan a shimfiɗa leda mai kauri don tare danshi. Amma kafin a sa diga, in an yi faɗa a unguwar, a tabbatar babu harsashi ko bam da bai fashe ba.

Haɗin da aka saba shi ne kwano 1 na siminti da kwano 3 ko 4 na yashi, kauri kada ya gaza santimita 5. Gwada yashin: zuba shi a kwalba da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. In laka ta kwanta da yawa a kansa, canja shi. Ruwa ma kada ya yi yawa. In ka dunƙula haɗin ya tsaya a hannu, ya isa.

A ƙasashe masu sanyi irin Jamus, bututun ruwan zafi suke binnewa a daɓe don ɗumama ɗaki, wani lokaci su malala haɗin jifsin a kai. Shi wannan ba ya shiri da ruwa, mu kuwa kullum cikin wanke daɓe muke. Ga zafi da kan haura digiri 40 a watan Mayu. Namu dai siminti da yashi ne, da tayil ga mai hali.

Zafin nan ne ma ke shanye ruwan daɓe kafin ya yi ƙarfi. A zuba da sassafe ko da yamma, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa ba shi ruwa kwana 7. Tayil kuma ya jira makonni har daɓen ya bushe. In kuɗi bai kai ba, gara a daɓe ɗaki ɗaya da kyau, sauran su jira baɗi.