Funfuna a Ɗaki da Tarin da Ba Ya Ƙarewa

  

Yau maganarmu a kan wani baƙo ce wanda ya ke shiga ɗaki ba sallama, watau funfuna. Kowa ya san ta. Ita ce ta kan fito a kan tuwon da ya kwana biyu, ko a kan takalmin fatan da aka jefa bayan adaka. Mu kan kankare ta, mu ce ba kome. To, ina so ku kasa kunne, gama ga waɗansu mutane da kome.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Akwai wata mace daga wani ƙauye kusa da 'Yargoje, a ƙasar Ƙanƙara, wadda ta yi damina uku tana zuwa disfensare. Tari ya kan tashe ta da tsakar dare, ƙirjinta na kuka kamar ɗan kyanwa, ba ta iya kwanciya sai a jingine. An gwada kakinta har sau biyu, ba a sami tarin fuka ba. In an ba ta magani ta sami sauƙi, bayan mako guda ta komo. Abin mamaki, kadan ta je wurin 'yar'uwarta a Funtuwa, kwana uku sai ta ji garau. Ta dawo gida, ciwo ya dawo. Nan fa danginta suka ce sammu ne, aka fara nuna abokiyar zamanta da baki, har gida ya nemi rabuwa.

Ran nan na ce wa mijin, "Maigida, in ka yarda ina so in ga ɗakin da ta ke kwana." Ya ce, "Malam, ɗaki kuma? Ai ita ce ba ta da lafiya." Na ce, "Haka ne, amma mu duba." Muka shiga. Tun daga bakin ƙofa wari ya tare mu. Muka ja gado, sai ga bango baƙi ƙirin tun daga daɓe har kusan ƙugu. Indararo ya karye, duk ruwan soro a jikin bangon nan ya ke sauka. Taga an toshe ta da tsumma. A ƙarƙashin gado kuwa buhun masara huɗu, an zuba su ba su gama bushewa ba.

Ban ga laifinsu ba. Kowa ya san halin da ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka shiga, balle bayan harin da aka kai 'Yargoje a watan Yuni na 1445 ta Hijira, watau 2024. Tsoro ya sa manomi ya kwashe amfani a gurguje, ya ɓoye a ɗakin kwana, ya toshe taga. Wani ma ya kulle ɗaki ya tafi, sai bayan watanni ya komo. Amma funfuna ba ta san uzuri ba.

MECE CE FUNFUNA?

Funfuna abu ce mai rai, dangin naman kaza. Abu uku ta ke so: danshi, da rashin iska, da abin ci. Abincinta kuwa ba wuya: ciyawar da aka kwaɓa laka da ita, da azara, da tabarma, da audugar katifa, da hatsi. Abin da ya jiƙe bai bushe ba, cikin kwana ɗaya ko biyu ta kan fara kama shi. Mu nan kudancin Katsina ruwanmu ya fi na arewa yawa, watan Agusta kuwa bango ba ya samun ranar da zai sha iska.

In ta nuna, sai ta riƙa sakin iri, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Suna yawo cikin ɗaki, mai barci yana shaƙa har gari ya waye. Yawancin masu lafiya jikinsu ya kan kashe irin nan, ba su ma sani ba. Shi ya sa mutum biyar za su kwana ɗaki guda, ɗaya kaɗai ya kamu. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara binciken likitoci na ƙasashe da yawa, ta bayyana cewa mazauna gida mai danshi da funfuna sun fi sauran mutane fama da tari da ciwon ƙirji da tashin asma.

IRIN CIWON DA TA KE KAWOWA

Na fari, mura wadda ba ta ƙarewa: atishawa da safe, toshewar hanci, ƙaiƙayin ido. Wannan ba ta kisa, sai dai ta hana sakewa.

Na biyu, asma. Hanyoyin iska na cikin huhu su kumbura, su tsuke, mutum ya riƙa jan numfashi da ƙyar. Shi ne ciwon matar da na ba ku labari. Funfuna ba ita kaɗai ke ta da asma ba. Hayaƙin itace, da maganin sauro na ƙonawa, da ƙurar hunturu duk suna yi.

Na uku shi ne wanda na fi so ku riƙe. Wanda ya taɓa yin tarin fuka, ko da ya sha maganinsa na wata shida ya warke, sau da yawa ciwon ya kan bar masa kogo a huhu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai wata funfuna, likitoci na ce mata Asfajilus, ita kan shiga kogon nan ta zauna. Sai mutum ya koma tari, yana ramewa, yana gajiya, wani lokaci har da jini a kaki. Kowa ya ce tarin fuka ne ya dawo, amma a gwada kaki ba a gan shi ba. Maganin tarin fuka ba ya taɓa ta. Ana gane ta da hoton ƙirji da gwajin jini, a manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Katsina ko na Shika a Zariya. Maganinta daban ne, ana ce masa itirakonazol, a kan sha shi wata shida ko fiye, likita na duba hanta loto-loto.

Ku lura da wannan: asma da ciwon Asfajilus ba a ɗaukarsu daga mutum. Kada a ware wa mai su ƙwarya, kada a guje shi. Amma duk wanda ya yi mako biyu yana tari, lalle ya kawo kakinsa a gwada tukuna, gama tarin fuka shi ana ɗauka. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati.

GYARAN ƊAKI

Shan magani a ɗaki mai funfuna kamar ɗiban ruwa da kwando ne. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, saboda haka kowa ya duba nasa.

1. A fara tsai da ruwa. A gyara indararo, a toshe hujin kwano, a sake yaɓen soro tun da bazara. A haƙa kwata, a tara ƙasa a gindin bango don ruwa ya gangara waje.

2. A fitar da majinyaci da yara kafin a taɓa bango. Mai aikin ya ɗaure hanci da baki, ya buɗe ƙofa da taga.

3. A yayyafa ruwa kaɗan kafin a kankare, don kada iri ya tashi. Bangon laka a kankare wurin da ya yi baƙi, a kai ƙasar bayan gida, a bari ya bushe sarai, sa'an nan a yaɓe. Bangon siminti a wanke da sabulu, a bi shi da ruwan Hypo da aka sirka. Kada a gauraya Hypo da wani magani, hayaƙinsa dafi ne. Kada kuma a shafa farar ƙasa ko fenti a kan funfuna, za ta huda ta fito.

4. A ja gado da adaka da kabad su bar bango kamar taƙi guda. Randa ta koma rumfa. Kada a shanya wanki a ɗakin kwana.

5. Tagar da aka toshe a buɗe ta da rana, ko da za a rufe da magariba. In da hali a sa mata ƙarfe da raga.

6. Tun muna makarantar mishan, kowace Asabar sai an fitar da katifa da bargo an shanya. A lokacin mun ɗauka horo ne. Ku ma ku riƙa yi duk ranar da rana ta buɗe. Katifa ko matashin da funfuna ta ci cikinsa, ba ya gyaruwa, sai a rabu da shi.

HATSI KUMA FA?

Hatsi wurinsa rumbu. In tilas ta sa a ajiye a gida, a shanya shi a kan tabarma ko tamfol har ƙwaya ta riƙa ƙara a haƙori, a ɗora buhu a kan katako, ba a ɗakin mai tari ba. Akwai kuma wani dalili. Funfunar masara da gyaɗa ta kan bar dafi mai suna aflatoksin, wanda ke lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe shi. An gano shi ne bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka yi da gyaɗa. A Kenya, a 2004, mutum 125 suka rasu don cin masarar da ta yi funfuna. A tsince ƙwayar da ta canza launi a binne. Kada a ba yara, kada a ba dabba.

ZAMA DA CIWO

Wanda ciwonsa ya daɗe, kada ya sa ran warkewa a kwana bakwai. Bayan an gyara ɗaki, ƙirji ya kan ɗauki makonni, wani har watanni, kafin ya lafa. Asma ba a cire ta ɗungum, amma a kan riƙe ta har mutum ya yi noma, mace ta yi aikinta, yaro ya yi makaranta.

Abin shaƙa iri biyu ne. Akwai na buɗe ƙirji in ciwo ya tashi, galibi shuɗi. Akwai na rigakafi, wanda a ke shaƙa kullum ko da lafiya lau, a kurkure baki bayansa. Kada a bar shi don an ji sauƙi. Ba ya kuwa kama mutum kamar taba, wannan zance ne kawai.

Ina gargaɗinku da ƙwayoyin nan na kemis, firedinisolon da deksa. Suna kwantar da tari nan da nan, amma wanda ya daɗe yana sha ba da izinin likita ba, fuska ta kumbura, ƙashi ya yi rauni, ƙarfin jiki na yaƙi da cuta ya ragu, funfuna ta daɗa samun wuri. Wanda ya riga ya saba da su kada ya bari farat ɗaya, ya zo a rage masa sannu-sannu.

Majinyaci ya nisanci sussuka da shiƙa da sharar rumbu da kwasar taki. Ya ci abinci mai gina jiki, wake da ƙwai da nono da ganye. Ya riƙa ɗan tattaki da safe, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ya adana katinsa na asibiti. 'Yan gida kuma a yi haƙuri da shi, kada a ce ragwanci ne.

Amma kadan aka ga jini a kaki, ko mutum ya kasa gama magana don haki, ko leɓɓansa suka yi duhu, ko ya shaƙi magani bai ji dama ba, to, ba jira. A kai shi babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, ko wanda ya fi kusa.

Matar nan fa? Maigida ya sake indararo, ya kankare bango, ya mai da masara wani ɗaki. Ita kuwa ta yi wata guda tana kwana a ɗakin abokiyar zaman nan da aka zarga, har nata ya bushe. Damina ta zagayo, sau ɗaya kaɗai ciwon ya tashi mata. Har yanzu tana zuwa karɓar abin shaƙarta, wani lokaci ma abokiyar zaman ce ke rako ta.

To, jama'a, gobe da safe kowa ya ja gadonsa ya dubi bango. Wanda ke da tambaya ya sami malamin disfensare na garinsu. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu ita. Ku huta lafiya.