Hasken Rana a Cikin Gini: A Shigo da Haske, a Bar Zafi a Waje

Da tsakar rana a watan Afrilu, hasken da ke sauka a fili a Kano ko Damagaram yakan kai luks 100,000. Luks shi ne ma'aunin yawan hasken da ya faɗa kan abu, kuma abin da ido ke bukata don karatu ko rubutu a kan tebur bai wuce luks 300 zuwa 500 ba. Wato da za a samu kashi ɗaya cikin 200 na abin da ke waje ya shigo ɗaki, ya wadatar. Amma leƙa ofisoshi da asibitoci da sababbin gidajen da ake ginawa a bayan gari: ƙwai a kunne da azahar, labule a sake, in an ɗauke wuta a tayar da janareta don kawai a ga juna. Tun daga Afrilun 2024, da aka mayar da kuɗin wutar lantarki na rukunin masu amfani da ita da ake kira Band A naira 225 kowane yunit, wannan ya tashi daga abin mamaki ya koma abin da ke cin aljihu.

Masu rufe tagogin suna da hujja. Hasken rana ba ya zuwa shi kaɗai, da zafi yake tafe. Rana tsaka tana zuba wat kusan 1,000 a kan kowane murabba'in mita. Gilashi yana barin wannan ya wuce, ya faɗa kan tayil da kujeru da bango, su ɗauki zafi, zafin kuma ya rasa hanyar komawa. Duk wanda ya taɓa buɗe motar da ta yini a rana ya san sauran labarin. Sai maigida ya nemi mafita da labule mai kauri ko baƙin gilashi. Shi baƙin gilashin nan na kasuwa yakan rage haske daidai da yadda yake rage zafi, wani lokaci ma fiye, ga shi yana tsotse zafin ya riƙa fesa shi cikin ɗaki. An yi ba a yi ba ke nan: ɗakin ya yi duhu, bai kuma yi sanyi ba.

Masu zanen gini suna raba hasken rana gida biyu. Akwai wanda ke fitowa kai tsaye daga ƙwayar rana, mai kaifi, mai ƙuna. Akwai kuma wanda ya bazu a sararin sama, ko ya doki ƙasa ko farin bango ya dawo. Na biyun ake so a ɗaki. Yana da taushi, ba ya kashe ido, zafinsa kaɗan ne. Duk hikimar aikin a ƙasa mai rana irin tamu ita ce taga ta ga sama amma kada ta ga rana.

Farkon abin da ke yanke wannan hukunci shi ne inda gini ya fuskanta, kuma ana yanke shi ne ranar da aka ja igiyar harsashi, tun kafin a sayi bulo ɗaya. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, rana takan tsaya cak a tsakiyar kai, har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Tsakanin waɗannan watanni tana ɗan karkata arewa, sauran shekara tana kudu. Ko a Disamba, lokacin da ta fi yin ƙasa, tana kai wa digiri kusan 55 a sama da azahar. Ma'anar wannan ita ce tagar da ke kallon arewa ko kudu tana da sauƙin karewa, domin rana daga sama take zuwar mata. Ɗan rufi a kan taga, ko bakin kwano da ya fito kamar rabin tsayin tagar, ya isa ya tare ranar tsaka wata tara a shekara. Wata ukun da ta samu ta leƙo na hunturu ne, lokacin da ba mai ƙin ɗan ɗumi.

Gabas da yamma su ne matsala. Da hantsi da la'asar rana tana ƙasa, tana shigowa a kwance, ba rufin da zai tare ta. Ta yamma ta fi muni, don tana zuwa ne bayan bango da rufi sun gama shan zafin yini. Shi ya sa ake so tsawon gini ya miƙe daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli kudu da arewa, ɓangaren yamma kuma a ba shi sito ko bayi ko matakala, ko a dasa masa darbejiya. A wurinmu kuwa titi ne ke zaɓa. Inda fuloti ya kalla nan falo zai kalla, da ƙatuwar tagarsa, ko da kuwa faɗuwar rana ce.

Sai tsayin taga, wanda ya fi faɗinta muhimmanci. Masu aikin suna da wani ƙiyasi: haske mai amfani yana shiga ɗaki nisan da bai wuce ninki biyu na tsayin kan taga daga ƙasa ba. In linta tana mita 2.1, kamar yadda magina suka saba yi don ta yi daidai da ta ƙofa, hasken zai kai mita huɗu ya sare. Falo mai zurfin mita bakwai da taga a gefe ɗaya dole ƙuryarsa ta yi duhu komai faɗin tagar. A ɗaga tagar ta kusa silin, ko a buɗe 'yar siririya a samanta, sai hasken ya miƙa. Wasu sukan sa wani faffaɗan allo mai farin fenti a kwance, sama da tsayin mutum, rabinsa waje rabinsa ciki: yana yi wa ƙasan tagar inuwa, samansa kuma yana cilla haske kan silin, silin ya watsa shi har ƙurya. Nan fenti ke shigowa. Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya same shi, fenti mai duhu bai fi kashi 10 zuwa 20 ba. Yayin da ake yi yanzu na silin ruwan ƙasa da bango ruwan toka yana cinye rabin aikin taga.

Akwai masu cewa a koma ginin gargajiya, wai kakanninmu sun gama warware wannan. Gaskiya rabi ce. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana da sanyi, amma duhu gare shi, tagarsa ba ta fi a zura hannu ba. Abin da ya sa hakan bai dami kowa ba shi ne ba a ɗaki ake yini ba. Girki da daka da kitso da tsintar shinkafa a tsakar gida ake yi, ɗinkin hula da karatun allo a zaure ko ƙofar gida, a bi inuwa tana juyawa ana juya tabarma. Ɗaki na kwana ne da ajiya. Tsakar gida ita ce tagar gidan gaba ɗaya. Mu kuma mun kwashe rayuwar mun shigar da ita ciki, kicin da falo da wurin karatun yara, muka rufe tsakar gidan da kwano ko muka gina ta don a samu ƙarin ɗaki, muka ratsa doguwar kwarido a tsakiya wadda ba ta ganin rana ko sau ɗaya, sannan muka tayar da katanga mai tsayi taku biyu daga taga. Duhun tsohon gida muka riƙe, filinsa muka yar. A ganina wannan ya fi baƙin gilashi ɓarna, don gilashi ana iya sauya shi.

Ba mu kaɗai rana ta dama ba, kuma wasu sun yi dabara. A tsohuwar Alƙahira ana rufe taga da mashrabiyya, saƙar katako mai ƙananan ƙofofi, ta farfasa hasken, iska ta wuce, na ciki ya ga waje ba a gan shi ba, abin da ya dace da gidan da ke son sutura. Masu zanen gini Maxwell Fry da Jane Drew sun yi irin wannan da siminti a ɗakin karatun Jami'ar Ibadan a shekarun 1950, kuma bulo mai huda da ake gani a tsofaffin makarantu danginsa ne. Wanda ya fi burge ni shi ne Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya ci kyautar Pritzker ta masu zanen gini a 2022. A ɗakin karatun da ya zana wa ƙauyensu Gando, mutanen gari suka kawo tukwanen ƙasa, aka yanke musu baki da gindi, aka jera su a cikin dakalin rufi kafin a zuba kankare. Kowace tukunya ta zama rami mai zurfi da haske ke gangarowa ta ciki ya sauka a ƙasa dabbare-dabbare, iska mai zafi kuma ta fice ta nan, sama da su ga wani rufin da ke tare ruwa.

Turai da Amurka tasu damuwar daban ce: ƙarancin rana. A Ingila, dokar 1832 ta ba tagar da ta shekara 20 tana samun haske haƙƙin kada maƙwabci ya tare mata shi da gini. New York ta yi dokar 1916 da ta tilasta wa dogayen benaye su riƙa tsukewa suna hawa don rana ta kai titi. A irin wannan yanayi aka haifi benen gilashi tun daga ƙasa har sama. Kwafo shi a dasa a Abuja ko Yamai sayen na'urar sanyaya ɗaki ne har abada.

Lafiya ma tana da ta cewa. A 2002 masana suka tabbatar da wasu ƙwayoyi a cikin ido waɗanda ba gani ne aikinsu ba, aikinsu su shaida wa ƙwaƙwalwa cewa gari ya waye, ta haka agogon jiki ke daidaita barci da farkawa. Hasken ƙwai na ɗaki ya yi rauni ga wannan saƙo in aka gwada shi da na bakin taga. Tun 1984 kuma wani masani, Roger Ulrich, ya buga bincike kan wani asibiti a Pennsylvania ta Amurka: waɗanda aka yi wa tiyata kuma tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo fita da kusan kwana ɗaya, sun kuma sha maganin ciwo mai ƙarfi ƙasa da su. Amma kada a yi zaton zaman bayan gilashi zai ba da bitamin D. Gilashi yana tare nau'in hasken da fata ke yin sa da shi, wannan sai an fita.

Wanda ya riga ya gama gini fa? Farar ƙasa a katangar da ke fuskantar taga tana dawo da haske mai yawa cikin ɗaki, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba. Kwano mai haske falle ɗaya a kan kwarido yana aiki, amma falle ɗaya, don a wasu rumfunan kasuwa an jera su da yawa 'yan tireda sun koma manna musu kwali saboda ƙuna. Akwai kuma dabarar Alfredo Moser, wani makanike a garin Uberaba na Brazil, wanda a 2002, lokacin da ake fama da ɗauke wuta, ya cika gorar roba da ruwa, ya ɗiga bilic don kada ruwan ya yi kore, ya huda kwano ya soka ta rabi waje rabi ciki, ya liƙe gefen. Ruwan yana karya hasken ya watsa shi ko'ina, ya yi daidai da tsohon ƙwai mai wat 40 zuwa 60. Daga 2011 dabarar ta bazu a unguwannin talakawan Filifin. A nan abin lura biyu ne: liƙin ya yi kyau kafin damina, kuma da hunturu sai an riƙa hawa ana goge ƙurar da ta kwanta a kan gorar, kamar yadda tagogin ma ke bukata.