Ado a Ginin Gwamnati: Ɓarnar Kuɗi Ne?

A birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wanda Turawa su ka daɗe su na kira Kanton, akwai wani tsohon masallaci mai suna Huaisheng, watau "tunawa da Annabi". Musulmin garin su na cewa Sa'adu bin Abi Waƙƙas ne ya kafa shi, ko da ya ke masana tarihi ba su yarda da haka ba. An sake gina shi a 1350, sannan a 1695 bayan gobara. Rufinsa irin na Sinawa ne mai lanƙwasassun gefuna, rubutun da ke cikinsa kuwa har da na Larabci. Hasumiyarsa, mai tsawon mita 36, kewayayya ce sumul, ba zane ko ɗaya a jikinta. An ce da fitilar da ke samanta jiragen fatake su ke gane hanya a Kogin Lu'ulu'u. Kyanta da amfaninta abu guda ne.

Masallacin ba na hukuma ba ne, amma ya na taimaka mana wajen wata tambaya da ta shafi kuɗin jama'a: shin ya halatta gwamnati ta kashe harajin talakawa a kan zane da sassaƙa? Faransa ta amsa a 1951, inda ta ƙa'ide cewa a keɓe kashi 1 cikin 100 na kuɗin ginin makarantu domin aikin masu fasaha, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu gine-ginen hukuma. Amurka ta bi sahu a 1963 da rabin wannan kaso.

Masu suka su kan ce asibitin da ba magani bai cancanci zane ba, kuma maganarsu ta na da nauyi. A ganina, inda a ke kuskure shi ne a gama gini tukuna, sannan a nemo wani abu a liƙa a bango. Ba haka magabata su ka yi a ƙasar Hausa ba. Lokacin da Sarkin Zazzau Abdulkarimu ya sa Babban Gwani Muhammadu Durugu gina masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, magini da mai ado mutum ɗaya ne. Bakunan da su ka ƙawata zauren su ne kuma ke ɗauke da rufin. A shekarun 1970 an kewaye abin da ya saura na ginin da sabon masallaci na siminti, sai wanda ya shiga ciki ya ke ganinsu.